Na Je Bincike Kumasi, Aka Bincike Ni

Tun da na dawo daga Gana ban sami sakat a majalisarmu ta Unguwar Sarki ba. Kowa ya zo sai ya ce, "Malam Bala, yaya Ganar?" In fara daga farko, ina kaiwa iyakar Togo wani ya iso, a ce in koma Legas saboda shi. Shekarun da na yi ina koyar da labarin ƙasa sun nuna mini cewa darasin da aka yawaita maimaitawa yakan fara tsiro da abin da bai faru ba. Jiya na ji kaina ina ƙara wa teku faɗi. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya makara ya karanta da kansa.

Ba yawon buɗe ido na je ba, aikena aka yi. Nafisa, 'yar yayana Alhaji Sani na Unguwar Kanawa, mai haɗa magunguna ce a wani asibiti a nan Kaduna. Ta gabatar wa mahaifinta da wani saurayi, Abdurrahman, injiniyan ruwa, mutumin Kumasi, wanda suka yi karatu tare a Zariya. Yaron ba shi da makusa. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya ja mu sallar magariba ba tuntuɓe, ya ce mahaifinsa ya rasu, amma baffansa yana nan a zangon Kumasi. Muka ce madalla. Babu wanda ya tambaye shi uwarsa, don mu ba ta nan muke farawa ba.

Yaya Alhaji tsohon akanta ne na gwamnati, bai taɓa sa hannu a takardar da bai ɗaga ya ga ta ƙarƙashinta ba. Ya kira ni ya ce, "Bala, kai ne mai taswira a ka. Ka je ka gano mini abu ɗaya. Gidan Musulmi ne, ko ba gidan Musulmi ba ne? In ka ce e, su turo magabata. In ka ce a'a, magana ta mutu."

Ita kuwa Nafisa ta riga ta faɗa wa kowa ba za ta yi auren da babanta bai sa wa albarka ba. Wato bakina ne zai ɗaura ko ya kwance. Da ta rako ni bakin ƙofa sai ta ce, "Baffa, ba na roƙon ka ƙara komai. Kada dai ka rage."

"Akwai abin ragewa ne?"

"Allah ya kiyaye hanya, Baffa."

Yaya ya haɗa ni da tsaraba ta fita kunya: babbar riga aikin Zariya, hula, dadduma, dabino, duka na baffan yaro. Hajiyarsa ta ƙara da ƙunshin kilishi na mutanen gida.

Daga tashar Mando zuwa Legas ba ni da abin faɗa sai dai gwiwoyina sun san sun yi ritaya. Na huta a Agege wajen wani tsohon ɗalibina, washegari na shiga ƙaramar mota mai zuwa Accra kai tsaye. Mu biyar ne da direba. A gefena akwai wata Madam Ngozi mai fataucin kayan gyaran mota, wadda ta ratsa hanyar nan har ta san wane rami ne sabo. Tun kafin mu fita Legas ta karɓi fasfona da katin allurar shawara ta duba, ta mayar mini, ta ce in daina riƙe su kamar jarirai, ana gane baƙo da haka.

A iyakar Benin na yi shirin nuna ilimina. Na ɗan taɓa Faransanci a kwalejin horon malamai, tun a mota nake jera jimla ɗaya a zuci. Da na isa gaban jami'in na sauke masa ita cikakkiya, har da lanƙwasa hanci. Ya saurare ni da haƙurin da ake sauraron mara lafiya, sannan ya ce, "Baba, ina za ka?" Da Hausa, tsaf. Mutumin arewacin ƙasarsu ne. Ya buga hatimi ya ce in gaida Kaduna. Madam Ngozi ta yi ta dariya har Kwatano.

Ƙasar Benin da Togo, ta bakin teku, ba su da faɗin da za ka yi barci ka farka a cikinsu. Na sha faɗa wa ɗalibai haka a kan allo, amma ban yarda da gaske ba sai da na ga an sake cewa mu fito da fasfo ban gama narkar da abincin iyakar baya ba. A Aflawo, ƙofar Gana, layi ya tsaya cak, yunwa ta kama motar. Na buɗe kilishin Hajiya da niyyar kowa ya ɗanɗana. Direban Bayarabe ya ce bai taɓa cin irinsa ba, wani tela ɗan Togo ya ce shi ma, Madam Ngozi ta ce ta sha ci amma tana son ta tabbatar. Kafin layi ya motsa, takardar kawai ta rage.

A Accra na sauka a Nima, unguwar da in ka rufe ido ka saurara sai ka ce Rigasarmu ta Kaduna ce ta yi ƙaura. Mai masaukina Alhaji Baba, dillalin goro, kakansa ne ya zo daga Kano, shi kuwa bai taɓa taka Kano ba, amma yana yi mata kirari kamar jiya ya baro. Da safe ana sayar da koko da ƙosai a kowace kwana, kuma har wanda bai san kalmar Hausa ɗaya ba kokon Hausa yake kiransa. Da rana aka kawo mini wake da shinkafa a ganye, an ɗora taliya, an barbaɗa garin rogo, an dasa ƙwai a tsakiya, ga wani baƙin yaji da ya sa na tuna da duk wanda na taɓa duka a aji. Na ci na ƙara.

A nan ne na makara sallar asuba, abin da rabona da shi tun ina saurayi. A gida ba na sa agogo. Masallatai uku ne ke kewaye da ni, kowanne da lasifikarsa da ra'ayinsa game da fitowar alfijir. A Nima kuwa sai haske na gani ta taga. Na fito ina salati, Alhaji Baba yana zaune yana shan shayi.

"Alhaji, ladaninku ba shi da lafiya ne?"

"Ya kira. Da bakinsa ya kira. Watan shiru muke ciki."

Ya bayyana mini cewa 'yan ƙasa na asali a Accra, mutanen Ga, suna da wani lokaci a shekara, kafin bikinsu na amfanin gona, da suke so gari ya yi tsit. Ba ganga, ba lasifika a waje. Hukumar birni kan fitar da sanarwa, coci da masallaci da gidan rawa duk a sauke murya.

Na ce, "Kuka yarda masu al'adar gargajiya su kashe muku lasifika?"

Ya ce, "Malam, sun ba kakana wurin zama ba su tambaye shi me yake bauta wa ba. Ranar Idi gwamnati na ba kowa hutu, har su. Wata ɗaya suka roƙa. Kuma mu me muka rasa? Jeka ka ga masu coci, su da ganga ce rabin ibadarsu. Kowace shekara sai an yi 'yar hatsaniya da wasunsu."

Kada ku ɗauka aljanna na je. Shi wannan Alhaji Baban, da hira ta yi nisa, ya ce duk ranar da ɗan zango ya je neman takardar zama ɗan ƙasa, sunansa kaɗai ya isa a fara tambayarsa inda aka haifi kakansa. Na so in yi masa jaje da murya ta wanda ƙasarsa ta fi, sai na tuna ɗan maƙwabcina da aka haifa a asibitin da aka haifi 'ya'yana, ya yi firamare a ajina, amma ranar neman gurbin karatu aka ce ya tafi jihar kakansa ya karɓo takardar asali, garin da ko hanyarsa bai sani ba. Na ce wa Alhaji Baba wannan ciwon namu ne mu duka, aka ƙaro shayi.

Daga nan sai Kumasi. Ku da kuka taɓa yin binciken aure kun san ƙa'idarsa. Ba a shiga gidan kai tsaye. Mutum yakan zauna wajen mai shayi ko mai wanki, ya ce yana cigiyar wani tsohon aboki, ya bi ta bayan gida da tambaya har a faɗa masa ko akwai hauka ko sata a zuri'ar. Na sami teburin mai shayi a bakin zango, na zauna, na gyara murya, na ce ko ya san wani Malam Audu da ya taɓa zama a nan, sunan da na ƙirƙira a mota.

Mai shayin ya dube ni ya ce, "Kai ne baffan Nafisa? Tun jiya Malam Haruna ke jiran ka. Alhaji Baba ya bugo."

Haka binciken sirri ya ƙare kafin madara ta narke.

Malam Haruna, baffan yaron, dattijo ne mai fara'a, mahauci ne da ya bar wa 'ya'ya sana'a. Na sauke masa tsaraba gaba ɗaya. Ya shafa aikin rigar, ya kafa hular a take, ya yi addu'a mai tsawo. Ga allo jingine, ga buzu, ga yara suna hadda a zaure. A raina na ce aiki ya ƙare, gobe sai gida. Sai ya ce, "Abdu ɗan ƙanena ne, jinina ne. Amma in ka tambaye ni halinsa na yau da kullum, ƙarya zan yi maka. Ubansa ya rasu yana ƙarami. Uwarsa 'yar ƙabilar Asante ce, su kuwa a wajensu ɗa na dangin uwa ne. Wofansa ne ya ɗauke shi ya raine shi."

"Wane ne Wofa?"

"Kawu, da yarensu. Yayan uwarsa, Wofa Kwasi. Dattijon coci ne. In bai ce to ba, ni nawa to ɗin ado ne."

Na dubi hular da ke kansa. Kyautar da aka yi wa addu'a ba ta komawa jaka. Kilishi kuwa yana cikin mutum huɗu a ƙasashe uku. Na ɗauko kaya tun daga Kaduna na juye su a ƙofar da ba ita ce ƙofar ba, don ban taɓa kawowa a raina akwai inda kawu ya fi baffa nauyi ba, ni da na koyar da al'adun ƙasashe. A hanya na tsaya na sayi biredi da katan ɗin lemo, na shiga gidan surukai kamar mai zuwa dubiya asibiti.

Gidan babba ne, irin mai tsakar gida a tsakiya da ɗakuna kewaye. Wofa Kwasi yana zaune ya yafa zane ta kafaɗa ɗaya, kansa fari fat. Malam Haruna, da ya rako ni da sabuwar hularsa, ya raɗa mini in fara gaisawa daga dama in bi layi. Aka ba ni ruwa. Sannan aka yi abin da ya ƙarasa ni: a al'adarsu, ko sun san abin da ya kawo baƙo, sai an tambaye shi a gaban kowa, ya faɗa da bakinsa. Na fara kewaye-kewaye da Turanci, zumunci, gaisuwa, ganin gari. Tsohon ya bar ni na gama, ya ce, "Malam, ni tsohon hedimasta ne. Na san sufeto in ya shigo makaranta. Duba abin da ka zo dubawa."

Da na ji malamin makaranta ne sai hankalina ya kwanta, na san irin wanda nake fama da shi. Ya tambayi ranar da aka haife ni, na ce Laraba, shi ya sa ake ce mini Bala. Ya ce to a gidan nan Kwaku nake, shi kuma Kwasi na Lahadi ne. Na ce a garinmu Ɗanladi ke nan. Ya maimaita sunan ya ce ya karɓa.

Shi da kansa ya zaga da ni. Ya nuna mini ƙanwarsa Maame Abena, uwar Abdurrahman, mai sayar da atamfa, jagorar mawaƙan cocinsu. Ya nuna mini tsohuwarsu a bakin ɗakinta, wadda ba ta zuwa coci ba ta zuwa masallaci, kakanninta take zuba wa abin sha a ƙasa, kuma a cewarsa ta gaji da jiran su dawo hankalinsu. Ya buɗe ɗakin da yaron ya tashi. A bango akwai kibiya da jan fenti.

"Alƙibla ce," in ji shi. "Da kamfas ɗin makaranta na auna. Malam Haruna ya zo ya ce na karkace kaɗan, muka yi gardama, aka kira limami. Ni ne da gaskiya."

"Da ɗan kaɗan," in ji Malam Haruna.

A madafa akwai tukunya da aka ware tun yaron yana ƙarami, ba a taɓa sa mata abin da Musulmi ba ya ci ba. A cikinta aka dafa mini akuyar da Malam Haruna ya yanka da safe. Da azumi, Wofa ne ke tashin yaron sahur, don uwar barcinta nauyi. Da aka kai shi makarantar kwana ta mishan aka ce ba a azumi a can, Wofa ya sa zanensa ya je ya yi faɗa da shugabar makarantar cocinsa. An bar yaron ya yi azumi, amma dole ya zauna a taron addu'ar safe. "Rabi na ci," in ji shi. "Wannan rigimar ba mu gama ta ba a ƙasar nan."

Na tambaye shi abin da ya sa ya ɗora wa kansa wannan wahala, alhali yaro na hannunsa, uba ba ya duniya.

"Ubansa ya auri ƙanwata da sharaɗi biyu. Ba zai hana ta cocinta ba, 'ya'ya kuma za su bi sallarsa. Ya cika nasa har ya mutu. Mutuwarsa ba ta goge namu ba."

Aka kawo sakwarar rogo da ayaba cikin romo. Na fara taunawa, tsohuwar ta yi magana daga bakin ɗakinta, aka fashe da dariya. Wai a faɗa wa baƙo ba a tauna ta, haɗiyewa ake yi, ko a garinsu ba a yarda da mai girki ba ne?

Ciki ya cika, baki ya buɗe, na shiga ba su labarin kyawawan al'adunmu. Na ce a wajenmu haihuwar fari a gidan iyayen mace ake yi. Nafisa za ta koma Unguwar Kanawa, a yi mata wankan jego, a ba ta kunun kanwa, ba za ta koma ɗakinta ba sai ta yi arba'in. Wofa yana fassara wa ƙanwarsa. Na ga fuskarta ta canja. Ta yi magana gajeriya.

"Ta ce, ita a ina za ta ga jikanta?"

Na ce ai sai ta zo Kaduna, hanya a buɗe take.

Wofa ya wanke hannu, ya goge, ya gyara zama irin na mai shirin yi wa ɗalibi tambayar baka. "Kwaku, mu ma muna da rediyo. Mun ji garinku kogi ya raba shi, masu salla a wannan gaɓa, masu coci a waccan. Gaskiya ne?"

Na ce akwai gaskiya a ciki. An yi rikice-rikice, mutane sun kwashe kaya kowa ya bi inda zai yi barci da ido biyu a rufe. Amma kasuwa ɗaya muke ci, ofis ɗaya muke aiki, kuma har yanzu akwai coci-coci a gefenmu.

"Ban tambaye ka kasuwa ba. Ƙanwata tana tashi da sassafe ta yi waƙar yabo, kuma ba ta iya yin ta a zuci ba, mun gwada. Ran Lahadi tana sa fararen kaya ta fita. Yaron nan nawa ne, ba zan kai shi inda za a ɓoye uwarsa ba. A ina za ta kwana?"

Amsoshi masu sauƙi sun zo mini. Akwai otal. Akwai abokin aikina a Barnawa, tsallaken gada, da zai karɓe ta hannu biyu. Amma na yi shekaru ina yi wa yara maki, na san amsar da ake rubutawa don a cika takarda. Kowacce na ba shi a cikinsu, a'a ce da riga. Ga kibiyar bangon ina hango ta daga inda nake zaune.

Na ce, "A gidan da jikanta yake."

"Gidanka ne?"

"Na yayana ne."

"Ya san ka faɗi haka?"

"Zai sani."

Ya juya ya faɗa wa ƙanwarsa. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da turmin atamfa ta ce a kai wa uwar Nafisa.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a kowace iyaka ina sake jera yadda zan faɗa wa Yaya, kuma wannan karon ba jami'in da zai cece ni da Hausa.

Na same shi a falonsa bayan la'asar. Nafisa ta kawo ruwa ta fita, amma ban ji takunta ya yi nisa ba.

"E ko a'a?" in ji Yaya.

"Yaya, tambayar ba ta da gurbin amsar."

"Bala, ba aji muke ba."

Na faɗa masa duka, ban rage ba: baffa da allonsa, uwa da waƙarta, tsohuwa da kakanninta, tukunya, kibiya, sahur, faɗan makaranta. Yana jan carbi yana saurare. Da na zo kan alkawarin, carbin ya tsaya.

"Ka yi kyauta da gidana."

"Wakili ka tura, Yaya."

"Na tura ka ka gano, ban tura ka ka rabar ba. Waƙar coci, a Unguwar Kanawa, a gidan da limami ke shigowa cin abinci? Me zan ce wa mutane?"

Na ɗauki ruwa na kurɓa. Na san yayana. In ka tura shi ya kafe, in ka bar shi da lissafi shi kaɗai, ba ya iya barin shafi bai daidaita ba. Ya tashi ya je taga, ya dawo, ya zauna.

"Ka ce shi yake tashinsa sahur?"

"Har ya girma."

"Ba wanda ya sa shi?"

"Wanda zai sa shi yana kabari."

Ya ajiye carbin. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wato Kirista ya riƙe mana ɗa har ya zama mutum, ni a ce na kasa riƙe masa ƙanwa kwana arba'in. A je Kumasi a faɗi haka a kaina."

Ya ɗaga murya. "Nafisa, na san kina nan. Ki ce wa yaron nan su turo magabatansu. Da mai hular da mai zanen, duka nake son gani."

Aka ji wani abu ya faɗi a bayan labule, da alama faranti ne.

Na miƙe zan tafi da sauran mutuncina, ya ce in dakata. "Cocin nata, akwai irinsa a gefen nan, ko sai an haye gada?"

Na ce zan bincika.

"Bincika da kyau, ka san hanyar. Ni zan ba ta ɗaki. Amma ran Lahadi kai za ka kai ta, ka jira a waje, ka dawo da ita. Bakinka ne ya yi alkawarin."

An sa rana bayan babbar salla. Cocin na same shi, bai kai nisan da nake zato ba, kuma akwai inuwa mai kyau a ƙofarsa. Don haka 'yan majalisa, nan da shekara ko biyu, in Allah ya kawo rabo, wanda ya ga motata a can ran Lahadi da safe, ya yi sallama ya wuce. Jikan Yaya nake yi wa aiki.